Tsadar Rayuwa da Makomar Ƙananan Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa: Tsokaci Daga Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Gumel da la'asar sakaliya, watau daga Gumel zuwa Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, da wuya ya wuce gari uku bai ga samari sun yi dafifi a filin makarantar firamare suna buga tamaula ba. Da yawa daga cikin waɗannan samari ƙungiyoyi ne sosai, masu suna da shugaba da mai horarwa da ma'aji, kuma burin kowace shi ne wata rana a ji sunanta a gasar ƙasa. To, amma tun daga shekarar 1986, balle kuma daga 2023, kukan da ake ji daga bakin masu riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi ɗaya ne: kaya sun yi tsada, mota ta yi tsada, aljihu ya gaza.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wannan kuka da kuma maganin da aka saba kawo masa. Ra'ayin da ya fi yawo a bakin jama'a da gidajen rediyo shi ne, tsada ce take kashe ƙananan ƙungiyoyi, gwamnati ce kuma kaɗai za ta raya su. A ganina wannan rabin magana ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsada gaskiya ce, za a kuma nuna girmanta da alƙaluma, amma tsagar da ta ba ta hanya ita ce yadda kusan kowace ƙungiya ta rataya a wuyan mutum guda ko hukuma guda, alhali garin da ke alfahari da ita bai ɗauki komai na nauyinta ba.

2.0 Matakan Gasa a Nijeriya

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da ƙaramar ƙungiya. An fara gasar ƙasa ta zagaye a Nijeriya a 1972, aka kuma mayar da babban rukuninta na ƙwararru a 1990. A yau matakan gasar uku ne a ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Na sama shi ne gasar Firimiya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Na biyu shi ne NNL, wanda akan raba shi shiyyar Arewa da ta Kudu. Na uku shi ne NLO, inda ƙungiyoyi suka fi yawa. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai gasannin hukumomin ƙwallo na jihohi, da kofunan ƙananan hukumomi, da na sarakuna da hakimai, da na 'yan siyasa.

Idan an ce ƙaramar ƙungiya a wannan takarda, ana nufin duk wadda take ƙasa da gasar Firimiya, musamman ta mataki na uku da ta gari. Ita ce ba ta da rabo a kuɗin talabijin, ba ta da kamfanin da ke liƙa sunansa a rigarta, filinta kuma sau da yawa ba shi da katanga balle ƙofar karɓar kuɗi. Amma ita ce makarantar farko ta kowane ɗan wasa. Babu wanda aka haifa a gasar Firimiya.

3.0 Inda Kuɗi Ke Tafiya

Kuɗin da ƙaramar ƙungiya ke kashewa ya kasu kashi huɗu: sufuri, da kayan wasa, da ci da kwana, da kuɗin hukuma, watau rajista da lasisin 'yan wasa da haƙƙin alƙalai.

3.1 Sufuri

Wannan shi ne babba, domin gasa tafiya ce. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin ranar ana sayar da lita a kan farashin hukuma ƙasa da naira 200. Cikin kwana biyu ta haura naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a Abuja da garuruwan Arewa. Daga baya farashin ya yi ta hawa da sauka, amma bai sake komawa kusa da inda ya taso ba.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga abin a zahiri. Tsakanin Gumel da Kano akwai kimanin kilomita 120, zuwa da dawowa 240 ke nan. A ƙaddara bas ɗin da ta ɗauki 'yan wasa ta sha lita 40 a wannan tafiya. A farkon 2023, bisa naira 190, kuɗin man naira 7,600 ne. A ƙarshen 2024, bisa naira 1,000, ya zama naira 40,000. Wasa ɗaya ne, tafiya ɗaya, amma kuɗin ya ninka fiye da sau biyar, ba a kuma sa ladan direba da kuɗin taya da bakin mai ba, waɗanda su ma suka bi sahu. Wannan ƙaramar tafiya ke nan. Ƙungiyar da ta hau mataki na biyu, shiyyar Arewa kaɗai tana iya kai ta Sakkwato yau, gobe Yola, jibi Lafiya.

3.2 Kayan Wasa

Ƙwallo da takalmi da riga da raga, kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, daga Sin ko daga Pakistan, inda garin Sialkot ya yi suna wajen ɗinkin ƙwallo. Ko takalmin gwanjo da yaro zai saya a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, da dala aka sayo dilarsa. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Watau duk abin da ƙungiya take saye da kuɗin waje ya ninka fiye da sau uku cikin wata takwas.

3.3 Ci da Kwana da Kuɗin Hukuma

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Mutum ashirin da suka yi tafiya sai sun ci, in wasan ya yi nisa sai sun kwana. Idan kuma aka tara ƙungiyoyi a gari guda don a buga gasar cikin mako ɗaya ko biyu, kamar yadda akan yi a mataki na uku, an rage kuɗin mota amma an ƙara na masauki da tukunya. Haka nan alƙalin wasa, shi ma mota ya hau ya zo, ba zai karɓi abin da yake karɓa da ba.

4.0 Inda Kuɗi Ke Fitowa

Yanzu sai mu juya ɗaya gefen littafin ma'aji. A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, kafofin kuɗin ƙaramar ƙungiya ba su wuce uku ba: karo-karon 'yan wasan kansu, da aljihun uban ƙungiya, da kyautar ɗan siyasa.

Karo-karon 'yan wasa ya dogara ne da abin da suka samu a gona, ko a acaɓa, ko a kasuwa, kuma tsadar da ta taɓa ƙungiya ita ce ta fara taɓa su a gida. Uban ƙungiya kuwa galibi ɗan kasuwa ne, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko malamin makaranta. A wannan yanki arzikin ɗan kasuwa yana ɗaure da kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, da kuma zirga-zirgar kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. An rufe wannan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024. Wanda cinikinsa ya tsaya wata bakwai, ba da kuɗin bas ɗin samari zai fara ba.

Na taɓa zama ma'ajin wata ƙungiya a wani gari na gundumar Gagarawa. Shekara huɗu muna zuwa duk inda aka kira mu, domin akwai wani bawan Allah mai sayen riɗi da yake ba mu mota da mai. Shekarar da cinikinsa ya karye bai kore mu ba, bai kuma yi mana gori ba, shiru kawai ya yi. Muka kasa zuwa wasa biyu a jere, aka cire mu daga gasar. A ranar ne na duba littafina na ga cewa cikin shekara huɗun nan, mutanen garin da suke cika bakin fili duk yamma, suna kiran ƙungiyar tasu, ba a taɓa neman ko sisi a hannunsu ba. Laifin namu ne da ba mu nema ba, domin mun sami inuwa mun miƙe ƙafa.

Kyautar ɗan siyasa kuwa tana da lokacinta. Idan zaɓe ya ƙarato sai kofuna su yi yawa, a raba riguna masu hoton ɗan takara, a sa babur ko saniya a matsayin kyautar wanda ya ci. Da an rantsar da wanda ya yi nasara, sai fili ya koma wurin kiwon awaki. Irin wannan kuɗi yana kawo biki na kwana goma, amma ba ya sayen ƙwallon atisaye a shekara ta biyu.

5.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

Wannan rataya a wuya guda ba ciwon ƙauye ba ne kaɗai, kuma ba yau ya fara ba. Ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dai a ji sunanta a bakin dattawa. Leventis United ta Ibadan, mallakar kamfani, ta taso daga rukuni na uku har ta ci gasar ƙasa a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. A 1987 masu ita suka rushe ta. Ba a fili aka ci ta ba, a ofis aka yanke hukuncinta.

A tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Gumel take cikinta har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ƙungiyoyi uku aka haɗe a 1990 aka sami Kano Pillars: ta hukumar ruwa WRECA, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Ƙarfin Pillars ya zo ne daga asusun gwamnati, amma abin da ya bambanta ta da sauran shi ne jama'ar Kano sun riƙe ta, suna sayen tikiti suna cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ko da ta faɗo a 2022 ba ta wuce shekara guda a ƙasa ba. Ita kuwa Jigawa Golden Stars, ƙungiyar gwamnatin jiharmu, ta hau gasar Firimiya a 2019 ta faɗo a 2021, bayan ta buga wasanninta na gida a wajen jihar, nesa da waɗanda ya kamata su biya kuɗin kallonta. Gwamnati ce uwar duka biyun, amma guda tana da gari a bayanta.

Ko a Ingila, inda kuɗin ƙwallo ya fi na ko'ina yawa, labarin bai canza ba. Ƙungiyar Bury, wadda aka kafa a 1885, ta kuma ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1900 da 1903, an kore ta daga gasa a Agusta 2019 saboda bashin da mai ita ya kasa biya. Macclesfield Town kotu ce ta rushe ta a Satumba 2020. Abin lura shi ne, da Bury ta mutu a hannun mutum guda, magoya bayanta ne suka haɗa kuɗi suka tashe ta, har ta koma tsohon filinta a 2023. Irin waɗannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa majalisar Birtaniya ta yi dokar kafa hukumar sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi a 2025.

6.0 Sharhi Kan Kiran Gwamnati

Da wannan za a ga raunin ra'ayin da aka ambata a farko. Ba a cewa gwamnati ba ta da haƙƙi. Gina fili da katange shi, da horar da alƙalai, da raya wasanni a makarantu, duk nata ne, domin babu ƙungiyar da za ta iya su. Amma a ce ta ɗauki kuɗin mai da na abincin kowace ƙungiya, wannan musanya uban ƙungiya ne da wani uban, wanda shi ma yake sauyawa duk shekara huɗu. Galibin ƙungiyoyin gasar Firimiya na gwamnatocin jihohi ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ji 'yan wasansu suna bin albashin watanni. Idan haka ta faru ga ɗan gaban goshi, ina ga ɗan bora?

Akwai kuma masu cewa talauci ya yi yawa, jama'a ba za su iya biya ba. Wannan hujja tana da nauyi, amma gidajen kallon ƙwallo sun rage mata ƙarfi. Babu wani gari mai kasuwa a ƙasar Gumel da ba shi da rumfar da aka kafa talabijin da janareto, inda matasa ke biya don su kalli Arsenal ko Real Madrid ko Barcelona, wani lokaci sau uku a mako. Ashe akwai kuɗin kallon ƙwallo a gari, sai dai yana tafiya ne wajen mai fetur da kamfanin DStv. Mai gidan kallo ya yi abu biyu da ƙungiya ba ta yi ba: ya kewaye wurinsa, ya kuma tsayar da lokaci wanda ba ya saɓawa.

Kuskure na uku namu ne na masu shirya gasa, da muka ɗauko tsarin Turai na gida da waje tsawon watanni muka ɗora wa ƙasar manoma, ba tare da duba kalandar aljihunsu ba. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Dambe ya daɗe da warware wannan matsala. Da kaka ake yinsa, bayan an cire amfanin gona, lokacin da manomi ke da sukuni da abin hannu. Ana kewaye gidan dambe a karɓi kuɗin ƙofa, 'yan kallo kuma su yi wa gwaninsu kari a bainar jama'a. Ba a taɓa jin 'yan dambe sun zauna jiran kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, ƙungiya ta zama ta gari a aikace. A buɗe rajistar mambobi, kowane ya riƙa zuba ɗan abin da aka yanke duk ranar kasuwa, kamar yadda ake zubin adashi, da kaka kuma a karɓi tiyar riɗi ko ta gero ko zoɓo daga wanda ba shi da tsabar kuɗi. Gonar ƙungiya da za a nome da gayya ba baƙuwar dabara ba ce a wurinmu, ƙungiyoyin samari sun daɗe suna yi. Sharaɗin duk wannan shi ne ma'aji ya karanta lissafi a gaban mambobi, domin babu mai zuba kuɗi a rijiyar da ba ya ganin ƙasanta.

Na biyu, a rage tafiya. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel maƙwabtan juna ne, sun isa su yi gasa guda tsakaninsu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a buga a ranakun kasuwa lokacin da motoci ke zirga-zirga, zakaru kaɗai su wuce Dutse. Mai da za a ƙona a tafiyar Kano guda zai isa wasa uku ko huɗu a cikin gida.

Na uku, a kewaye fili, ko da zana ce ko buhu, a karɓi kuɗin ƙofa kaɗan wanda bai kai na gidan kallo ba, a bar yara su shiga kyauta.

Na huɗu, kuma wanda aka fi sakaci da shi, a yi wa ƙungiya da 'yan wasa rajista a hukumance. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23, tun Nuwamba 2022 kuma akwai ofishi na musamman da ke bin wannan haƙƙi. Alal misali, Ahmed Musa, wanda ya bar Kano Pillars zuwa Holan a 2010, Leicester ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 16 da 'yan kai. Kashi 5 na wannan ya haura fam dubu 800. Ba kowane gari ne zai fitar da Ahmed Musa ba, amma ƙungiyar da sunanta ba ya cikin takardar tarihin ɗan wasa ba ta da abin karɓa ko da ta fitar da shi.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa daga 2023 kuɗin sufuri ya ninka har sau biyar a wani lokaci, na kayan wasa kuma fiye da sau uku, alhali kafofin samun ƙananan ƙungiyoyi suna nan yadda suke, ko ma sun ragu. An kuma nuna cewa daga Leventis United zuwa Bury, har zuwa ƙaramar ƙungiyar gundumar Gagarawa, wadda ta jingina da mutum guda tana faɗuwa ne ranar da ya gaji. Farashin mai da na dala ba a hannunmu suke ba. Amma tsara gasa, da riƙon lissafi, da neman haƙƙin ƙungiya a wurin mutanen gari, waɗannan a hannunmu suke, kuma mu malamai muna da babban rabo a ciki, domin ɗalibanmu ne 'yan wasan, filayen makarantunmu ne filayen, sau da yawa kuma mu ne ake ba littafin ma'aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina fata mahalarta wannan taro za su gyara inda na kauce, su kuma faɗaɗa binciken zuwa masarautun Haɗeja da Kazaure da Ringim da Dutse, don a ga ko abin da aka gani a ƙasar Gumel haka yake a sauran wurare.